Awon sauƙin masu ciwon damuwa da taɓin hankali a CSI, da yadda za a ɗaura kuɗi a kansa: jagora ga ma'aikatan lafiya na Damagaram

Idan aka kawo yaro CSI, wato cibiyar lafiya ta matakin farko, ana zargin tamowa, ba a dogon musu. A zagaya masa ma'auni a damtse, in ya faɗa ja, wato ƙasa da milimita 115, kowa ya san inda aka dosa, kuma duk sati za a sake aunawa a ga ko ya haura. To, uwar da ta goyo shi fa, wadda ta yi wata uku barci ba ya ɗaukarta, abinci ba ya yi mata daɗi, kullum tana cewa kanta ya yi nauyi? Sau da yawa abin da ake rubuta mata bai wuce "ciwon kai" ba. In an yi dace an gane ciwon damuwa ne aka ɗora ta a kan magani, rajista za ta nuna ta zo sau uku. Ko ta samu sauƙi kuwa, babu gurbin rubuta wannan.

A daidai wannan lokaci masu zuba kuɗi a harkar lafiya suna ta barin biyan yawan aiki, suna komawa biyan abin da aikin ya haifar. Michael Porter na Jami'ar Harvard ya yaɗa wannan tunani tun 2006: darajar aikin lafiya ita ce sauƙin da mara lafiya ya samu, a kwatanta da kuɗin da aka kashe masa. Mu a nan mun fi jin danginsa da sunan FBR, wato biyan cibiyoyin lafiya bisa sakamakon aikinsu. Ra'ayina shi ne a fara awo don amfanin mara lafiya, sai hannu ya faɗa a shigo da kuɗi, kuma kaso kaɗan ne kawai ya kamata a rataya a kan lambar sauƙi. Ga yadda ƙungiyar CSI ko ta gundumar lafiya, a Zango ne ko a Mirya ko a Magarya, za ta bi.

Mataki na 1: Ku zaɓi ciwo biyu ko uku, kowanne da ma'auni ɗaya

Kada ku ce za ku auna komai. Jagorar mhGAP ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta fito a 2010 aka sabunta ta a 2016, an rubuta ta ne domin ma'aikacin da ba ƙwararren likitan ƙwaƙwalwa ba ne, kuma ta haɗa ciwon damuwa, taɓin hankali, farfaɗiya, shaye-shaye da sauransu. Ku duba waɗanda suka fi zuwar muku.

Ga ciwon damuwa akwai PHQ-9: tambaya 9 ce a kan sati biyu da suka wuce, kowace amsa tana da maki daga 0 zuwa 3, jimilla daga 0 zuwa 27. Maki 5 ciwo ne mai sauƙi, 10 matsakaici, 15 ya fara tsanani, 20 zuwa sama mai tsanani. Ga fargaba da zullumi akwai GAD-7, tambaya 7, jimilla 21. Dukansu kyauta ne, ba a biyan kowa kafin a yi amfani da su.

Farfaɗiya ta fi sauƙin awo: sau nawa ya faɗi a watan nan. A ba uwa zare ta riƙa ƙulli duk faɗuwa, ta zo da shi ranar karɓar magani. Mai shan tramol a tambaye shi kwana nawa ya sha cikin 30 da suka wuce. Mai taɓin hankali kuwa, abin da iyalinsa suka damu da shi ba lamba ba ce. Yana wanka da kansa? Yana cin abinci cikin mutane? Ya koma gona ko kasuwa? An kwance masa mari? Hukumar Lafiya ta Duniya tana da WHODAS, mai gajeriyar siga ta tambaya 12 a kan yadda mutum ke gudanar da harkokinsa cikin kwana 30. In ta yi muku yawa, ku tsayar da tambayoyi huɗun nan, ku riƙa yin su ba canji.

Mataki na 2: Ku mayar da tambayoyin bakin mutane, sannan ku kulle su

Nan aikin yake, kuma nan aka fi yin sakaci. Takardar tambayoyin tana zuwa da Faransanci, kowane ma'aikaci yana juya ta da ka yadda ta zo masa a baki. Majo, wato shugaban CSI, ya tambaya iri ɗaya ranar Litinin, ungozoma ta tambaya wani iri ranar Alhamis, sai a ce an samu sauƙi ko an ƙara tsanani alhali tambayar ce ta canza. Mai sayen hatsi a Kasuwar Dole ba zai yarda a auna masa da wata tiya yau, a auna da wata gobe ba.

Ku zauna rana guda: majo, ungozoma, wakilan lafiya na unguwa, da mutum biyu ko uku da suka taɓa yin ciwon suka warke, in sun yarda. Ku bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya har ku samu lafazin da tsohuwa daga ƙauye za ta gane ba sai an maimaita ba. Tambayar farko a PHQ-9, ta rashin sha'awa, za ta iya zama: "Inna, cikin sati biyun nan, abubuwan da kika saba jin daɗinsu, kamar hira da maƙwabta ko zuwa suna, kin ji sun fita ranki?" Ta bakwai a asalinta tana maganar karanta jarida da kallon talabijin. Wadda ba ta yin ko ɗaya a tambaye ta ko tana rikicewa a lissafin raka'a, ko tana ɗora tukunya ta manta da ita. Inda mutanenku Barebari ne ko Fulani ko Buzaye, kamar wajen Gure da Tanut, haka za a yi da harshensu. Da kun amince, ku rubuta, ku buga, ku liƙa a kowane tebur. Gunduma ɗaya, lafazi ɗaya.

Amsoshin huɗu ne: ko kaɗan, wasu kwanaki, fiye da rabin kwanakin, kusan kullum. "Fiye da rabin kwanakin" yana ba mutane wuya. Ku ajiye ƙwayar gyaɗa ko tsakuwa 14 a faranti, ku ce: "Baba, ga kwanakin sati biyu. Ware mini waɗanda barci ya ƙi ka." In bai ware ko ɗaya ba, ko ya ware guda, maki 0, daga 2 zuwa 6, maki 1, daga 7 zuwa 11, maki 2, daga 12 zuwa 14, maki 3.

A yi tambayar a keɓe. Mace ba za ta ce tana ganin ta zame wa gida kaya ba alhali uwar mijinta na zaune a benci kusa da ita. Kuma ku tuna takardar tantancewa ce, ba ita ke yanke hukuncin ciwo ba. Ƙarancin jini, juna biyu, zazzaɓin cizon sauro, yunwar tsakiyar damina, duk suna ɗaga makin gajiya da barci da cin abinci. Azumi ma yana juya barci da ci. Mace mai takaba tana iya samun maki mai yawa ba tare da tana buƙatar ƙwaya ba. Kafin a ba kowa amitriptilin ko fluoksetin, a tambayi iyali ko ya taɓa yin kwanaki ba ya barci, yana ta surutu da ɓarnar kuɗi, domin irin wannan maganin damuwa shi kaɗai yana iya sake tayar masa da wancan halin.

Mataki na 3: Tambaya ta tara ta PHQ-9 ba ta jiran lissafi

Ita ce mai tambayar ko mutum yana jin gara ya mutu, ko yana tunanin cutar da kansa. Ma'aikata da yawa suna tsallake ta don kunya, ko don tsoron kada su cusa wa mutum tunanin. Tambaya ba ta cusa shi. A yi ta da taushi: "Malam, wani lokaci idan abu ya yi wa mutum yawa yakan ji ya gaji da duniyar. Kai ma hakan ta taɓa zo maka?" Duk amsar da ba "ko kaɗan" ba ce, a tsaya nan take a bincika ko yana da shiri da kuma abin da zai yi amfani da shi. Kada ya koma gida shi kaɗai. A samu wani nasa da ya amince da shi, a kawar da maganin ƙwari na gona da maganin ɓera daga inda hannunsa zai kai. Amitriptilin kansa guba ne in aka sha da yawa, don haka a ba da na ƴan kwanaki, a hannun ɗan'uwa. Wanda ya yi tsanani a tura shi asibitin gunduma ko Babban Asibitin Ƙasa na Zinder da takarda da ɗan rakiya.

Mataki na 4: Rajista guda, layi guda ga kowane mutum

Littafi mai faɗi ya isa. A kowane layi: lambar sirri a madadin suna, ƙauye ko unguwa, ciwo, ranar farawa, makin farko, magani, sai gurabun awo na sati 2, sati 4, sati 8, wata 3 da wata 6, da gurbin ranar dawowa. Sunaye da lambobin waya su zauna a wani littafi dabam cikin akwati mai makulli. Garinmu kowa ya san kowa, kuma budurwar da aka ji labarin tana karɓar "maganin mahaukata" tana iya rasa miji.

Amfanin layi guda shi ne ido ya ga wanda ya ɓace. Duk ranar da kuka tsayar a sati, mutum ɗaya ya bi littafin ya fitar da waɗanda ranarsu ta wuce, a kira su ko a aika wakilin unguwa. A rubuta dalilin ɓacewar: ya tafi cin rani Kano ko Agadas, aikin gona ya tsare shi, kuɗin mota ya gagara, an kai shi wajen malam ko mai ruƙiyya. Wannan na ƙarshen ba abin faɗa ba ne. Ya sha rubutunsa, a yi masa addu'arsa, kada dai a yanke ƙwaya.

Mataki na 5: Lambar ta canza abin da kuke yi

A ce mace ta fara da maki 17. Burin farko shi ne ya ragu da rabi, wato ya sauka 8 ko ƙasa. Burin ƙarshe ya koma ƙasa da 5. Raguwar maki 5 ita ake ɗauka canji na gaske. Daga 17 zuwa 15 ba komai ba ne. Maganin damuwa yakan ɗauki sati 4 zuwa 6 kafin ya nuna aikinsa sosai. In a awon sati 8 tana nan a 15, kada a sake miƙa mata ƙwaya iri ɗaya a ce Allah ya ƙara sauƙi. Tana sha kuwa? Ta daina ne don bushewar baki ko jiri? Ana dukanta a gida? Adadin ya yi kaɗan? Ko ciwon ma ba shi ba ne? A gyara wani abu, ko a kira wanda ya fi sani a waya. In ta warke, mhGAP ta ce a ci gaba da maganin wata 9 zuwa 12 bayan alamomi sun tafi.

Wannan salo an gwada shi. A binciken IMPACT da aka wallafa a Amurka a 2002, kan tsofaffi 1,801, kashi 45 cikin ɗari na waɗanda aka riƙa auna su ana gyara musu magani sun samu raguwar rabi bayan shekara, a ɓangaren waɗanda aka yi wa magani yadda aka saba kuwa kashi 19 ne. A Ingila, shirin maganin damuwa ta hanyar tattaunawa da aka fara a 2008 yana auna mutum a kowane zama. A Zimbabuwe, Dakta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata suna zama da masu damuwa a kan benci a harabar asibiti, ana auna sauƙin da tambayoyi 14 da aka tsara da harshen Shona.

Ku nuna wa mara lafiya lambarsa. "Hajiya, ranar da kika fara zuwa 17 ne, yau 9." Mai ciwon damuwa yakan manta yadda yake a da, kuma jin wannan yana sa ya dawo.

Mataki na 6: Lissafin wata uku, da tarkon da ke cikinsa

Abu huɗu za ku fitar: mutum nawa suka fara, nawa aka sake aunawa, nawa suka samu raguwar rabi, nawa suka sauka ƙasa da 5. A ce 40 suka fara, 26 aka sake aunawa, 14 suka samu raguwar rabi. In kun raba 14 da 26, kashi 54 ne. In kun raba da 40, kashi 35. Na biyun shi ne gaskiya, domin waɗanda suka ɓace galibi ba don sun warke suka ɓace ba. A jihar Minesota ta Amurka, wanda ba a sake aunawa ba ana lissafa shi cikin waɗanda ba su warke ba. Dokar tana da tsauri, amma tana hana a yi watsi da mai wuya don lissafi ya yi kyau.

Sai ku kula da abu biyu. Mutane sukan zo asibiti ne ranar da ciwo ya kai maƙura, don haka wasu za su sauka ko ba a yi musu komai ba. Kada kowane sauƙi ya zama abin bugun ƙirji. Na biyu, CSI mai mutum 12 a wata uku, mutum biyu kawai za su iya ɗaga lissafinta ko su kayar da shi da kusan kashi 17. Irin wannan ba a yanke mata hukunci a kan zango ɗaya, sai a tara na shekara, ko a haɗa ta da maƙwabtanta.

Mataki na 7: Shigo da kuɗi

Ku yi aƙalla wata shida, shekara ta fi, kuna awo babu ko dala a kansa. Ta haka za ku san inda kuke tun kafin kowa ya samu dalilin gyara lamba. In kiɗa ya canza rawa ma canzawa take yi: ranar da aka ce makin sauƙi zai kawo kuɗi, makin farko zai fara hawa, na ƙarshe ya fara sauka, ko da ba wanda ya yi niyyar ƙarya. Mai tambayar shi ne mai rubutawa, shi ne kuma mai karɓar ladan, kuma babu gwajin jini da zai ƙaryata shi.

Ruwanda ta faɗaɗa biyan asibitoci bisa sakamako a 2006. Binciken da aka wallafa a 2011 kan cibiyoyi 166 ya nuna haihuwa a asibiti ta ƙaru da kashi 23 cikin ɗari, amma cika awon ciki huɗu da kammala rigakafin yara ba su motsa ba. Kuɗin ya yi aiki ne inda ladan ke da tsoka kuma abin yake hannun ma'aikaci. A jihar Washinton ta Amurka, a 2009 an ɗaura kashi 25 na kuɗin wani shirin lafiyar ƙwaƙwalwa a kan abubuwa irin su bin sawun mara lafiya a kan lokaci da neman shawarar ƙwararre ga wanda bai samu sauƙi ba. Lokacin da rabin marasa lafiya ke ɗauka kafin su samu sauƙi ya sauko daga kusan sati 64 zuwa 25. Ku lura da abin da aka biya: aikin da ke kai wa ga sauƙi.

Don haka ga rabon da nake ba da shawara, kuma lissafin misali ne. A ce an ware wa CSI jika 400 a wata uku. Jika 280 su zo ba sharaɗi, don magani, littattafai, katin waya da man babur. Jika 80 a ɗaura su kan abin da ke hannun ma'aikata: an yi awon farko, an sake awo cikin sati 8, an gyara magani ga wanda bai motsa ba, an nemi wanda ya ɓace, an ga wanda aka sallamo daga asibiti cikin kwana 7. Jika 40 kaɗai su rataya a kan sauƙi, kuma a kwatanta kowace CSI da inda ta fito, ba da wata ba. Cibiyar cikin birni da mutanenta ke zuwa da ƙafa ba daidai take da ta karkara ba, inda rabin maza ke watsewa da rani.

Ku sa ƙarin lada ga masu wuya: wanda ya fara da maki 20 zuwa sama, mai taɓin hankali da aka samu a ɗaure, matashin da ya nutse a tramol. In ba haka ba za a cika rajista da masu maki 10 da 11, waɗanda saukar da su ba wuya. Watan da magani ya yanke daga sama, a cire shi daga lissafi. Mai farfaɗiya da aka yanke wa fenobarbital zai faɗi, kuma ba laifin majo ba ne. A rubuta yadda za a raba ladan tun kafin ya zo, a gaban COGES, wato kwamitin kula da harkokin cibiyar, da kason wakilan unguwa a ciki, tunda su ke taka sawu cikin rana. Sannan mai biya ya sa hannu a kan ranar biya. Duk wanda ya yi aiki a CSI bayan 2006, lokacin da aka mayar da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta, ya san abin da jinkirin mayar da kuɗi ya yi wa kantunan magani.

Mataki na 8: Tantancewa ba tare da tona asiri ba

A tsarin FBR akan ɗauki wasu sunaye daga rajista a bi su gida a tabbatar an gan su da gaske. A haihuwa ko rigakafi wannan ba matsala. A nan kuwa, baƙo ya yi sallama a ƙofar gida yana neman wance mai karɓar maganin ƙwaƙwalwa, ya gama da ita a unguwa. Tun ranar farko a nemi izinin mara lafiya: ya yarda a neme shi, ta wace lamba, a wane lokaci, a ce wa wanda ya ɗauki wayar me. Wanda ya ƙi, a bar shi, kuma kada ƙin ya rage wa CSI komai.

Mai tantancewa ya fito daga wajen cibiyar. Ya ɗauki layi ɗaya cikin goma ba tare da majo ya zaɓa masa ba, ya gana da mutumin a CSI ko ta waya, ya sake yi masa tambayoyin da lafazin nan da aka kulle. Bambancin maki 2 ko 3 ba abin magana ba ne, kwanaki sun shiga tsakani. In an rubuta 4 shi kuma ya samu 16, kuma abin ya maimaitu a layi da yawa, a dakatar da kason sauƙi na zangon, a sake horo, a dawo bayan wata uku. Ya kuma duba siffar lambobin a littafi: in kusan kowa ya fara da 15 daidai ya ƙare da 4 daidai, da biro ɗaya da rubutun rana ɗaya, a zauna da mai littafin. Tambaya ta ƙarshe da zai yi wa mara lafiya ba ta cikin kowace takarda: da ka zo, an saurare ka, kuma an karɓi kuɗin da ba a ba ka rasit ba? Amsar a rubuta ta a rahoton gunduma ba tare da lambar mai maganar ba.